Wa Za A Ce Wa Ya Yi Haƙuri?

Kafin a shiga wannan darasi, bari mai-jagora ya sa a karanta Wasiƙar Yaƙub sura 5, daga aya 1 zuwa 11, da Irmiya sura 6, aya 13 zuwa 15, da Galatiyawa sura 2, aya 11 zuwa 14. A karanta da murya, a hankali, domin wanda bai iya karatu ba shi ma ya ji.

1. Jira iri biyu

Wanda ya taɓa zuwa bikin su a tafkin Njuwa, kusa da Yola, ya san abin da a ke kira jira. Masunta su kan taru a bakin ruwa, kowa da komarsa da gorarsa, kifi yana motsi a gaban idonsu, amma ba mai sa ƙafa cikin ruwa sai an ba da izini. Ba wanda ya ke jin an zalunce shi cikin wannan jira, gama an yanka rana, jiran kuma ya hau kan kowa daidai, babba da yaro.

To, a ce an sake tsarin. A ce waɗansu suna cikin ruwa tun asuba suna cika gorunansu, waɗansu kuwa an tsare su a gaɓa, duk sa'ad da suka tambaya sai a ce musu, "Ku yi haƙuri, lokaci bai yi ba tukuna." Bana haka, baɗi haka, har 'ya'yansu suka gaje su a gaɓar. Ran nan suka gaji suka ɗaga murya, sai ga wani dattijo mai-mutunci ya zo ya ce musu kada su ɓata wa jama'a biki, amma bai ce kome ga waɗanda su ke cikin ruwa ba. Wannan dattijo mai-sulhu ne, ko kuwa ya zama mai-gadin kifin waɗansu bai sani ba?

Tambayar darasinmu ke nan. Sa'ad da waɗanda aka danne suka tashi suna kuka a fili, me ya wajaba a kan makiyayin ekklesiya? Za mu duba yadda waɗansu limamai suka amsa ta a Amurka cikin 1963, sa'an nan mu komo gida mu auna kanmu.

2. Haƙuri a bakinmu da a cikin Littafi

Ba kalmar da ta fi haƙuri daraja a bakin Bahaushe. A kan ce shi ne maganin zaman duniya, a kan kuma ce mahaƙurci mawadaci. Da ita a ke yi wa mai-makoki ta'aziyya, da ita mai-laifi ya ke neman gafara. Amma da ita kuma wanda ya ci bashi ya ke korar mai-binsa, da ita a ke sallamar matar da ta kawo ƙarar mijin da ya ke dukanta, ta koma gida ba a ce wa mijin uffan ba. Kalma ɗaya ce, wani lokaci magani, wani lokaci murfi.

Mu da aikinmu shi ne juya Littafi Mai-tsarki zuwa Hausa mun sha fama da ita. Cikin Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, akwai kalmomi biyu da a kan juya da haƙuri. Ɗaya, makrotumiya, ita ce jinkirin fushi ga wanda ya yi maka laifi, irin wanda Allah ya ke yi da masu-zunubi. Ɗayar, hufomone, ita ce tsayawa daram ƙarƙashin kaya mai-nauyi ba tare da fid da zuciya ba, watau jimiri. Ba wadda ta ke nufin a rufe baki a kan mugunta. Annabawa, waɗanda Yaƙub ya kawo su misalin haƙuri a aya 10, su ne mutanen da suka fi kowa magana a gaban sarakuna.

A kuma lura da jerin maganar Yaƙub. Sai a aya 7 ya gargaɗi 'yan'uwa su yi haƙuri. Cikin ayoyi shida na farko ya juya fuskarsa ne wajen mawadatan da suka danne ladan ma'aikatan da suka girbe musu gonaki, ya faɗa musu hukuncin da ya ke jiransu, bai rage kome ba. Ya fara da mai-zalunci, kana ya juyo ga wanda aka zalunta. Mai-wa'azin da ya tsallake ayoyi shida ya soma daga ta bakwai, lalle ya karanta Maganar Allah, amma bai faɗi abin da Allah ya faɗa ba.

3. Abin da ya faru a Bamingam

A kudancin Amurka an daɗe ana mulki da dokokin wariyar launin fata. An yi shelar 'yanta bayi a 1863, amma bayan shekara ɗari, a birnin Bamingam na Jihar Alabama, baƙar fata ba ya zama ya ci abinci inda farar fata ya ke ci, ba ya shan ruwa a famfo ɗaya da shi, ɗansa ba ya shiga makarantar ɗansa. Kotun Ƙoli ta ƙasar ta haramta raba makarantu tun 1954. Shekara tara suka wuce, makarantun birnin suna nan a rabe. Da kotu ta ce a buɗe wa kowa filayen shaƙatawa na birni, hukuma ta gwammace ta rufe su duka a 1962. Fasto Fred Shuttlesworth, wanda ya shugabanci masu neman hakki a birnin, an sa bom a gidansa ran Kirsimati ta 1956, aka kuma yi masa mugun duka a 1957 sa'ad da ya kai 'ya'yansa makarantar farar fata.

Shi ne ya gayyaci Fasto Martin Luther King da abokan aikinsa. Ran 3 ga Afrilu 1963 suka soma. Suka riƙa zama a kujerun da aka hana su, suna jerin gwano cikin gari, suka kuma ƙaurace wa manyan kantuna. An koya wa masu-fita cewa ko an mare su kada su rama. Kotu ta ba da oda a daina. Ran 12 ga Afrilu, Jumma'ar da a ke tunawa da mutuwar Ubangiji, King ya fita duk da haka, aka kama shi aka sa a kurkuku.

A ran nan kuwa shugabannin addini takwas, dukansu farar fata, suka sa hannu a wata takarda wadda jarida ta buga. Akwai bishop biyu na Angilikan, C. C. J. Carpenter da George Murray. Biyu na Metodis, Nolan Harmon da Paul Hardin. Ɗaya na Katolika, Joseph Durick. Da Edward Ramage na Firesbiteriyan. Da Earl Stallings, faston babbar ekklesiyar Baftis ta birnin. Da Milton Grafman, malamin Yahudawa. Abin da suka ce a taƙaice shi ne, zanga-zangar ba hikima ba ce, ba ta kuma zo a kan kari ba. Da hannun baƙi a cikinta. Ko da ya ke ta lumana ce, tana iya jawo tashin hankali. Suka yaba wa 'yan sanda saboda natsuwarsu, suka roƙi baƙar fata su janye daga titi, su kai kukansu kotu da teburin shawara.

4. A auna hujjarsu da gaskiya

Kada mu yi saurin mai da mutanen nan mugaye. Idan muka yi haka ba za mu koyi kome ba, gama ba wanda ya ke ganin kansa a fuskar mugu. Cikin Janairu na shekaran nan, sa'ad da sabon Gwamna George Wallace ya yi rantsuwa wariya za ta dawwama, waɗannan takwas suna cikin limamai goma sha ɗaya da suka fito suka ce a yi biyayya ga kotu, a kuma girmama kowane mutum domin an halicce shi cikin kamannin Allah. A Alabama ta lokacin wannan ba ƙaramar magana ba ce. Banda haka, ran 2 ga Afrilu mutanen Bamingam sun ka da Bull Connor, mai-kula da 'yan sanda, wanda ya fi kowa zafi kan wariya, suka zaɓi Albert Boutwell ya zama magajin gari. Limaman suna ganin ya kamata a ba sabon mutum dama. Sun san Romawa sura 13, sun kuma san jini yana da saurin zuba.

Ba su kaɗai su ke da wannan ra'ayi ba. Fasto J. H. Jackson, baƙar fata, shugaban babbar tarayyar Baftis ta baƙar fata, bai yarda da ƙetare doka ba ko da ta lumana; ya fi son a bi ta kotu da ƙuri'a. Billy Graham, wanda ya yi wa'azi a Kaduna da Jos cikin 1960, wanda kuma tun 1953 ya cire igiyoyin da su ke raba fari da baƙi a taronsa, shi ma ya shawarci King ya sassauta a wancan wata. Ashe ba launin fata kaɗai ya raba makiyaya ba.

To, ina kuskurensu? A ganinmu yana wuri uku. Na fari, sun soma daga aya ta bakwai. Takardarsu ta Afrilu ta gaya wa wanda aka danne abin da zai bari, ba ta fito fili ta kira wariya zunubi ba. Na biyu, ba su yanka rana ba. A 1962 'yan kasuwar birnin sun yi alkawarin cire allunan wariya daga kantunansu, aka dakatar da zanga-zanga saboda haka, ba a daɗe ba allunan suka komo. Wanda aka yi wa haka, in ka sake ce masa ya jira, sai ka faɗa masa har yaushe. Littafin Misalai sura 3, aya 27 da 28, ya hana mu ɗaga wa maƙwabci alheri zuwa gobe alhali yana hannunmu yau. Na uku, jiran bai hau kansu ba. 'Ya'yansu suna makaranta mai-kyau, ba a sa bom a gidajensu ba. Suna cikin ruwa, suna yi wa na gaɓa wa'azin haƙuri.

5. Amsa daga kurkuku

An shigar wa King jaridar a ɓoye. Ya soma rubuta amsa a gefen takardar jaridar, ya ci gaba a kan 'yan guntayen takardu. Wasiƙar tana ɗauke da kwanan wata 16 ga Afrilu 1963. Ya yi musu magana kamar 'yan'uwa cikin aiki. Game da zargin baƙunci, ya ce gayyatarsa aka yi, ya kuma tuna musu Bulus bai zauna a Tarsus ba. Game da lokaci, ya nuna cewa a kunnen mutanensa kalmar jira ta daɗe da zama wata hanyar cewa a'a. Game da doka, ya bambanta doka mai-adalci da marar-adalci, ya ce wanda zai ƙetare ta biyun sai ya yi a fili, cikin ƙauna, yana shirye ya sha hukuncinta, kamar abokan Daniyel uku a gaban Nebukadnezzar. Abin da ya fi yi masa zafi, in ji shi, ba maƙiyi na sarari ba ne, amma mutumin kirki wanda ya fi son gari ya yi shiru da a yi adalci.

Wannan magana tsohuwa ce cikin Littafi. Sarki Ahab ya kira Iliya mai-jawo wa Isra'ila wahala, Iliya kuwa ya mayar masa da zargin, gama wanda ya nuna ɓarna ba shi ya yi ta ba. Irmiya ya kai ƙarar annabawa da firistocin zamaninsa domin sun shafa wa babban miki magani sama-sama, suna shelar salama a inda babu ita. Salama a Ibrananci ba shiru ba ce. Cikakkiyar lafiya ce, inda kowane abu ya ke a mazauninsa. Mu kanmu mu kan amsa gaisuwa da lafiya lau ko muna kwance da zazzaɓi. A gaisuwa wannan ladabi ne. A bakin mai-magani kuwa ha'inci ne, makiyayi kuma mai-magani ne.

Farkon Mayu, 'yan makaranta suka fito da yawa. Connor, wanda bai sauka daga kujerarsa ba tukuna, ya sa aka buɗe musu mesar ruwa ta 'yan kwana-kwana, aka sake musu karnuka, aka cika kurkuku da yara. Hotunan suka zaga duniya. Ran 10 ga Mayu 'yan kasuwa suka yarda a kawar da wariya a kantuna. Washegari da dare aka ta da bama-bamai, waɗansu baƙar fata da ba sa ƙarƙashin horon King suka yi tarzoma. Ran Lahadi 15 ga Satumba aka sa bom a majami'ar Baftis ta Titi na 16, 'yan mata huɗu suka mutu, uku masu shekara 14, ɗaya mai shekara 11. Ba za mu ɓoye ba, abin da limaman suka ji tsoro ya faru. Amma a tuna, bom ya riga jerin gwano isa Bamingam da shekaru. Shirun da a ke so a kiyaye, shiru ne mai jini a ƙarƙashinsa. A 1964 aka kafa dokar da ta haramta wariya a wuraren jama'a cikin ƙasar duka, a 1965 kuma dokar da ta tsare hakkin ƙuri'a.

6. Makiyayan da suka biya

Labarin takwas ɗin bai ƙare da takardarsu ba. Kwana biyu bayan ya sa hannu, ran Lahadin Tashin Ubangiji, Earl Stallings ya karɓi baƙar fata da suka zo sujada a majami'arsa, ya zaunar da su. King ya yaba masa da suna cikin wasiƙarsa. Jama'arsa ba su yafe masa ba, ya bar birnin a 1965. Edward Ramage ma masu son wariya suka matsa masa har ya tashi. Joseph Durick ya zama bishop a Jihar Tenesi, a can ya tsaya tare da baƙar fata masu kwashe shara na Memfis, ya kuma shiga jerin gwanon da aka yi bayan an kashe King a birnin cikin Afrilu 1968. Mutum yana iya yin kuskure da tawada, ya gyara da ƙafafunsa.

Akwai kuma waɗanda suka tsaya tun da fari. Robert Graetz, fasto farar fata na Lutheran, yana kiwon ekklesiyar baƙar fata a Mongomeri sa'ad da suka ƙaurace wa motocin bas a 1955. Ya riƙa ɗaukar mutane a motarsa yana kai su wurin aiki. Aka sa bom a gidansa a 1956, aka sake a 1957. James Reeb, limami farar fata, ya amsa kiran King zuwa Selma a Maris 1965, aka buge shi da kulki a titi, ya mutu. Waɗannan in sun ce wa mutum ya yi haƙuri zai ji, gama suna gaɓa tare da shi.

7. Mu komo gida

Kada wani ya ce wannan labarin ƙasa mai-nisa ne. Ƙasarmu ma ta ɗanɗana wariya. Turawan Ingila sun ci Yola a 1901. Dokar garuruwa ta 1917, a zamanin Lugga, ta keɓe wa Turawa unguwarsu dabam, da fili na yadi 440 tsakaninta da mazaunin 'yan ƙasa, da hujjar tsaron lafiya. Daga nan unguwannin da a ke kira Ji-Ar-E suka samo asali. A Ikko, cikin 1947, wani otal mai suna Bristol ya hana Ivor Cummings masauki saboda launinsa, alhali shi ma'aikacin Ofishin Mulkin Mallaka ne daga London. Sai da mutanen Ikko suka yi ca, kana Gwamna Richards ya yi shelar hana wariya a wuraren jama'a. King kansa ya zo Ikko a Nuwamba 1960, ya halarci rantsar da Dakta Azikiwe a matsayin Gwamna-Janar.

Mu 'yan mishan ba mu da bakin yin fahariya. Waɗanda suka riga mu sun bar ƙasashensu, da yawa sun binne mata da 'ya'ya a wannan ƙasa, ba kuwa za mu raina hadayarsu ba. Amma su ma sun san kalmar "tukuna". Likita Niels Brønnum na Danmak ya sauka a Numan a 1913. Sai a 1948 aka keɓe fastoci 'yan ƙasa na fari a wannan ekklesiya, sai a 1973 Akila Todi ya zama bishop. Akwai dalilai na gaskiya, gama horar da makiyayi ba aikin rana ɗaya ba ne. Duk da haka ya kamata mu tambayi kanmu ko dukan jinkirin nan hikima ce, ko kuwa da wuyar sakin ragama a ciki. Abin kunya mafi girma ya faru a can gida. Sam Oni, saurayi daga Gana wanda ya ba da gaskiya ta hannun 'yan mishan na Baftis daga Amurka, ya tafi karatu a Jami'ar Mercer ta Jihar Jojiya a 1963. A Satumba 1966 aka tare shi a ƙofar wata majami'ar Baftis da ta ke harabar jami'ar, aka hana shi shiga. A ran nan kuma jama'ar suka sallami fastonsu, Thomas Holmes, domin yana so a buɗe ƙofa. Sun aika da bishara ƙetaren teku, amma da amfanin gonar ya zo ƙofarsu suka kore shi.

Wannan shi ne zunubin Bitrus a Antakiya. Yana ci tare da Al'ummai, sai waɗansu suka zo daga Urushalima, ya janye saboda tsoron mutanensa, har Barnaba ya bi shi. Bitrus bai koyar da ƙarya ba. Wurin zama kaɗai ya sake. Amma Bulus ya ga cewa akushin da aka raba yana musun bisharar da baki ya ke shela, ya tsauta masa a gaban kowa, bai jira a sami lokacin da ya dace ba.

Yau ba allon wariya a kantunan Jimeta. Amma muna da namu shingaye: ɗan ƙasa da baƙo, ƙabila mai-yawa da 'yar kaɗan, mutumin birni da mutumin dutse, wanda har yanzu a ke tuna masa kakansa bawa ne, Bafillacen da ya shigo sujada kowa yana kallonsa a kaikaice. Akwai ekklesiyoyin da kowa ya san daga wace ƙabila fasto zai fito tun ba a yi zaɓe ba. Sa'ad da Helenawa suka yi gunaguni an manta da gwaurayensu wajen rabon abinci, cikin Ayyukan Manzanni sura 6, manzanni ba su ce musu suna raba kan ekklesiya ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, dukansu kuwa sunayensu na Helenanci ne; watau aka danƙa rabon a hannun ɓangaren da ya yi kuka.

Mun ga irin wannan tsayawa da idonmu a nan. Da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a Oktoba 2014, 'yan gudun hijira suka kwararo Yola da Jimeta. Bishop Stephen Mamza na Katolika ya buɗe harabar majami'ar Santa Teresa, dubban mutane suka fake a ciki. A 2021 aka buɗe gidaje 86 da ya gina wa waɗanda ba su da wurin komawa, a Sangere-Margi, da majami'a, da masallaci domin Musulmin da su ke cikinsu. Waɗansu masu-bi suka yi masa surutu saboda masallacin. Ba zanga-zanga ba ce, amma jarrabawar ɗaya ce da ta Stallings da ta Bitrus: ko makiyayi zai yarda mutanensa su ɓata masa rai saboda wanda ya ke ƙetaren shinge.

8. Ma'auni

Ba mu ce kowane mai-ihu a titi yana da gaskiya ba. Mu a wannan ƙasa mun ga yadda taro ya kan juye ya zama ƙone-ƙone cikin sa'a guda, makiyayin da ya hana matasa ɗaukar makami ya yi aikin Allah. Mutanen King sun yi nasara ne domin sun sha duka ba su rama ba, sun shiga kurkuku da ƙafarsu. Ramuwa ta Ubangiji ce, wannan bai sake ba. Amma hana ramuwa dabam, hana kuka dabam. Bulus bai ɗaga hannu ga kowa a Filibi ba, duk da haka ya ƙi fita kurkuku a ɓoye, sai da mahukuntan da suka doke shi ba bisa doka ba suka zo da kansu suka ba shi haƙuri.

Saboda haka, kafin fasto, ko dattijon ekklesiya, ko shugabar zumuntar mata, ya buɗe baki ya ce wa wanda aka zalunta ya yi haƙuri, bari ya yi wa kansa tambaya uku. Na riga na je wurin mai-zaluncin na faɗa masa gaskiya? Ina da ranar da zan ambata, da abin da zan yi kafin ta zo? Jiran nan zai ci mini wani abu, ko kuwa shi kaɗai zai biya? In ya iya amsa su da zuciya ɗaya, haƙurin da ya ke bayarwa na Yaƙub ne, Allah kuwa zai sa masa albarka. In bai iya ba, gara ya yi shiru ya je ya zauna kusa da mai-kukan, har Ubangiji ya ba shi ƙarfin zuciya ya soma daga aya ta fari.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa Yaƙub ya yi wa mawadata magana kafin ya yi wa 'yan'uwa zancen haƙuri?
2. Da kana cikin limaman nan takwas, da ka sa hannu? Faɗi dalilinka ba tare da kare kai ba.
3. Yaya za mu riƙe Romawa sura 13 tare da Ayyukan Manzanni sura 5, aya 29?
4. Su wane ne a ekklesiyarmu suka daɗe a gaɓa? Wa zai je ya tambaye su cikin wannan mako?

Addu'a

Ya Ubangiji, Makiyayi Mai-kyau, ka gafarta mana lokatan da muka kira shiru salama domin mu sami hutawa. Ka ba waɗanda a ke danne su jimiri marar-ramuwa, ka ba makiyayanmu bakin da zai faɗi gaskiya ga mai-ƙarfi tun kafin ya yi wa marar-ƙarfi gargaɗi. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.